Jar Kaka a Bahon Fagge

Kwaciri, Fagge, Kano
Watan Mayu

Zuwa ga bawana Gana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Kajimari. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwoyina da suka juya mini baya. 'Yata Hidaya tana gai da kawunta.

Kada ka ɓata rai don na ce bawa. Kaka Jawahir ce ta haifi ubana ta haifi uwarka, ni 'yar namiji kai ɗan mace, ba ni na tsara ba. Ko furfura ta kai maka gira, taubashina kake.

Celestine mai bandar kifi na Kasuwar Sabon Gari ya kawo mini takardarka da ƙullin shanshera. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri. Ba don yana zuwa sarin kifi wajenku ba, da ban san yadda za mu yi ba, ku ba sabis, kai kuma kunne ya yi nauyi. Ya ce mini kifi ya ragu ƙwarai, ciyawar kacalla ta cinye bakin mashigin ruwanku har kwalekwale ba ya wucewa. Gaskiya ne? Wai har Bakin Tsamiya, inda muke wanka muna yara? Na kasa kwatanta wurin da ciyawa. Ni a idona har gobe ruwa ne fari fat, da Kaka zaune a kan saiwa tana yi mana faɗa.

Shansherar da ka aiko na sa an surfa, na dafa da man shanu. Gana, babu shinkafar da ta kai jar Kaka. Ƙamshinta ya ishe ni kuka. Kafin a surfa na rage cikin tafi ɗaya na zuba a tsohon bahon wanki a bayan ɗakina, na cika shi da laka, ina zuba masa ruwan alwala. Maƙwabta suna ta dariya, wai Hajiya Gumsu ta buɗe gona. Su yi ta yi. Ina so ne in buɗe ƙofa da safe in ga wani abu na gida.

Maganar labarin ruwa kuwa, kada ka damu. Na san tun zamanin iyayenmu, mutanenmu na Kano ke aika wa na gida yadda damina ta kama a nan sama, tunda ruwanmu ne ke gangarowa ya zama ambaliyarku. Marigayi mijina Alhaji Abdulƙahhar ya riƙe wannan amanar har ya koma ga Allah, kuma ya nuna mini alamarsa: in ruwan kududdufin bayan gidanmu ya taɓa saiwar durumi kafin tsakiyar damina, shekarar babban ruwa ce. Mijina ya tafi, amma durumin yana nan, ni ma ina nan. Zan sa ido.

Uwargijiyarka,
Gumsu

Kajimari, ta hanyar Nguru
Watan Yuni

Zuwa ga Gumsu,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso, mun ji lafiyarku, mun gode wa Allah. Mu ma lafiya, sai zafi da jiran sama.

Uwargijiyar da ta shekara talatin ba ta leƙo bawanta ba, ai ta 'yanta shi. Zumunta a ƙafa take, ke kuwa kin mayar da ita a aljihun Celestine. Gonar baho kuma, Allah ya ba da albarka. In kin yi girbi ki gaya mini in turo tirela.

Abin da Celestine ya faɗa gaskiya ne, har bai faɗa duka ba. Da can ruwa yakan zo da ƙarfi ya tafi, rani ya ƙone duk ciyawar da ta tsiro. Yanzu babban kogi ba ya ɗaukewa kuma ba ya tumbatsa, kullum yana tafe a hankali, kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta tsaya, laka ta taru a gindinta, bakin mashiginmu ya toshe. Ruwan da ya kamata ya shigo mana sai ya karkata ya kwanta a gonakin mutanen da ke arewa da mu. Su suna kukan yawa, mu muna kukan babu. Ga tsuntsayen jan-baki sun samu gidan kwana a cikinta, bara sun cinye mini fiye da rabin gona ina tsaye ina buga gwangwani.

Jar Kaka yanzu a hannuna kaɗai ta rage. Kowa ya koma sabon iri mai saurin nuna. Ban ga laifinsu ba, mai iyali ba ya jiran ƙamshi. Amma tamu ita ce mai bin ruwa, in ya hau ta hau tare da shi, ba ta nutsewa. Kin san dokar Kaka: a yafa rabi, a bar rabi a rumbu, sai an tabbatar da shekara. Na yafa rabin a ƙasan fadama bayan ruwan farko, ta tsiro. Sauran yana tukunya. In kin aiko cewa babban ruwa ne, zai haye kacallar ko ta ƙi ko ta so, sai in yafa sauran a tudun fadama in mayar da asarar bara.

Tsamiya tana nan. Wani lokaci nakan zauna a saiwar in ga kamar za ki ɓullo da tulu, kina tsokanata. Daga mu sai mu muka rage a jikokin Kaka, kin sani.

Naki,
Gana

Kwaciri
Watan Yuli

Gana,

Gaisuwa a gurguje, don Celestine yana tsaye a ƙofa mota na jiransa. Muna lafiya, amma ba mu da wurin shimfiɗa tabarma.

Albishirinka! Ruwa ya taɓa saiwar durumi, ya ma wuce ta. Shekaran jiya aka yi ruwa, kafin la'asar kududdufi ya cika ya tumbatsa, ya shigo mana tsakar gida, takalman Hidaya suna yawo kamar agwagi. Ƙoramar Jakara ma an ce ta hau titi, a Sabon Gari masu shagunan ƙasa sun wuni kwashe kaya. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya kai nan da wuri haka ba. Mutane suna ta salati, ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina tsaye cikin ruwa har ƙwauri ina murna, don na san inda za shi.

Yafa sauran, Gana. Bana shekararka ce. Ka ajiye mini buhu guda, bawa ba ya ci uwargijiya tana kallo.

Gumsu

Kwaciri
Ƙarshen Yuli

Gana,

Ina fatan kana lafiya. Ni kam ba lafiya ba, ba ta jiki ba. Don Allah in takardar nan ta riske ka kafin ka buɗe tukunya, kada ka buɗe.

Jiya ina ba Hidaya labarin albishir ɗin da na aiko maka, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Hajiya, wane kududdufin? Zo ki gani." Ta riƙe ni muka zaga baya, hanyar da rabona da ita tun gwiwa ta fara. Gana, kududdufin da na sani babu shi. Na san ana cike shi, ina jin ƙarar tifa shekara da shekaru, amma ni ta taga nake hango gefen durumi, gefen nan kuwa ruwa ne kullum. Ashe daga can an ci shi da ƙasa da shara, an jera shaguna da gidajen haya. Abin da ya rage bai fi tsakar gidan Kaka ba. Lambatun da ke fitar da ruwa zuwa Jakara kuma leda ta shaƙe shi.

Hidaya ta ce, "Hajiya, ruwan da kwano ke ɗauka, in kika juye shi a ludayi ai dole ya zube. Ba damina ce ta yi yawa ba, wurin ne ya ƙanƙance." Ta ce abokin aikinta da ya bi ta gadar Wudil ya ga kogi a kwance, ko rabin inda yake kaiwa bai kai ba.

Alamar Alhaji gaskiya ce a kududdufin Alhaji. Wannan ba shi ba ne, ni kuma ban duba ba. Na tafi Sabon Gari da kaina a Adaidaita, na kutsa layin 'yan kifi da sandata, yaran shagon Celestine suka ce bai dawo ba. Zan bar takardar a wurinsu. Ina roƙon Allah ya sa ka yi halinka na taurin kai, ka ƙi jin maganata ko sau ɗaya.

Gumsu

Kwaciri
Watan Oktoba

Zuwa ga Malam Gana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka ga yau ban ce bawa ba, ban san ko ina da sauran bakin wasa ba.

Damina ta wuce ban ji daga gare ka ba. Celestine ya koma saro kifi daga wani wajen, ya ce ɓangarenku ba abin da zai cika kwali. Takardata ta biyu tana nan a shagonsa, ƙarƙashin sikeli, duk ta sha mai. Duk sanda na je sai ya ce, "Mama, yi haƙuri, ko direba ɗaya ban samu mai shiga can ba." Na karɓo ta, na haɗa da wannan, zan ba wani mai kai buhunan wofi Nguru, ko Allah zai sa.

Amma na san ka. Da kana so, da ka samu mai zuwa Kano ko a bayan akuya ne. Shirun nan fushi ne, kuma ka isa ka yi. Sai dai ka zage ni a rubuce, ya fi mini. Ranar cika-ciki ta zo ta wuce, ranar da taubasai ke tsokanar juna, na zauna ina kallon ƙofa kamar wadda aka yi wa alkawari.

Mun tara matan layinmu mun je wa mai unguwa a kan sauran kududdufin. An yashe lambatu, an fitar da leda ta cika kura biyu, an kuma ce za a kafa iyaka kada a ƙara zuba ƙasa. Ko za a cika, oho. Ba zai dawo maka da komai ba, na sani. Na dai kasa zama ne.

Ina kewar gida, Gana. Ban taɓa jinta kamar bana ba.

Gumsu

Kajimari
Watan Disamba

Zuwa ga uwargijiyata Gumsu,

Wa'alaikumus salam. Takardunki biyu sun iso tare, ɗaya tana warin banda. Muna lafiya yanzu. Na ɗan kwanta, ƙafa ce ta kumbura, amma ta saɓe.

"Malam Gana" kuma? Wa ya mutu? Mayar mini da sunana. Ba fushi na yi ba. Ruwa bai zo ba, kifi bai zo ba, Celestine bai zo ba, to wa zan ba takarda? Hanyarmu babu mai shiga sai don kifi. Har na rubuta miki biyu, suna nan cikin Alƙur'ani, sun tsufa, ba sai na aiko ba.

Ba zan ɓoye miki ba. Na yafa sauran washegarin da albishir ɗinki ya iso. Ta tsiro kore shar, har mutane suna tsayawa kallo. Muka jira. Ruwa ya zo bakin mashigi ya tsaya a bayan kacalla, muna jin ƙamshinsa, bai shigo ba. Sama kuma ta ɗauke da wuri. Ta ƙasa da ta tudu duk suka bushe a tsaye. Na bi gonar da hannu ko zan samu zangarniya ɗaya mai ido, babu. Jar Kaka ta ƙare, kuma a hannuna ta ƙare.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke kin duba durumi ba ki duba kududdufi ba, ni na duba takardarki ban duba bakin mashigina ba, alhali ga shi a gabana. Ko babban ruwan ne ya zo, ban tabbata zai wuce ba. So nake ya zama gaskiya, shi ya sa na karya dokar Kaka.

Yarana na Nguru sun zo da mota wai in tattara in bi su. Na ce su ba ni rani ɗaya. Dalili, wahalar bana ta sa an zauna, abin da aka shekara goma ana kasawa. Mu, da mutanen Arewa da ruwa ya ci gonakinsu, da masunta, da Fulanin da ke shayarwa a nan, an taru a gindin tsamiya. Da farko kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sai wani tsoho daga cikinsu ya ce, "Ruwan da ya kashe mu shi ne wanda kuka rasa. Ku buɗe masa ƙofa ya bar mana ɗaki." Aka yi dariya, aka sa ranar gayya. Yanzu kullum muna cikin ruwa har ƙirji da lauje, muna yanke kacallar daga ƙasa don ta ruɓe, matsattsaku suna shan rabonsu. An kuma naɗa mutane daga kowane gari su riƙa zagaya mashigin duk wata, su kuma je su ji daga masu kula da dam yaushe za a saki ruwa. Can na samo ciwon ƙafar.

In an buɗe, zan shuka sabon iri kamar kowa. Ciki ba ya tambayar sunan shinkafa. Sai dai in na tuna ba za ki ƙara jin ƙamshin nan ba, nakan tashi in tafi gindin tsamiya.

Bawanki,
Gana

Kwaciri
Watan Janairu

Bawana Gana,

Alhamdu lillahi! Na karanta takardarka na yi kuka, na sake karantawa na yi dariya. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Tsoho da kai cikin ruwa har ƙirji, wa ya aike ka?

To, turo tirelar.

Ka manta da gonar baho, ko? Ni ma ban ambace ta ba, don ina tsoron in sake yi maka albishir ɗin da ba shi ba. Ranar da ruwa ya shigo gida ya haye bahon, na ce shi ke nan. Da ya janye sai na gan ta tsaye, ta ƙara tsawo. Ta yi ciki, ta fitar da kai. Da gwarare suka gano ta, na cire gidan sauron gadona na rufa mata. Sauro suka rama a kaina, na yi sati ina zazzaɓi, Hidaya tana faɗa wai an taɓa ganin wanda ya ba shinkafa gidan sauro ya kwana a waje. Na yanke ta da almakashi, zangarniya ɗaya-ɗaya. Na gwada ƙwaya kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, duk sun tsiro. Wannan karon na duba kafin in faɗa.

Ba ta da yawa, gwangwanin madara ɗaya ne da ɗan kai. Celestine ya ce zai shigo wajenku in an fara kamun kifi. In ba shi?

Uwargijiyarka,
Gumsu

Kajimari
Watan Fabrairu

Gumsu,

Lafiya lau muke. Na karanta a gindin tsamiya, mutane suka ga ina share ido, na ce hayaƙin kacalla ne da ake ƙonawa.

Kada ki ba Celestine. Ba don ban yarda da shi ba, mutumin kirki ne. Amma Kano ta mantar da ke ɗaya dokar Kaka: iri ba ya tafiya a hannun ɗan aike. Mai shi ke kawo shi, kuma shi ke yafa tafin farko, in ba haka ba ƙasa ba ta san shi ba. Na karya doka ɗaya na ga abin da ya biyo baya, ba zan karya ta biyu ba. Yanzu ke ce mai iri, ni ɗan roƙo ne.

Kada ki kawo mini zancen gwiwa. Matar da ta kutsa layin 'yan kifi da sanda za ta iya zama a mota. Daga bakin titi zan sa a ɗauko ki a amalanke, in shimfiɗa miki katifa kamar amarya. Ki zo da ruwan farko. Mashigi ya buɗe har Bakin Tsamiya, saura gaba.

Gana

Kwaciri
Watan Yuli

Bawana,

Na iso lafiya, sai ciwon jiki, amalankenka ba ta san katifa ba. Hidaya ta ce na yi baƙi na kuma yi ƙiba. A gai da kowa, musamman matan da suka yi ta kawo mini kunu suna tambaya ko na gane su. Rabinsu iyayensu na gani a fuskarsu.

An raba irin yadda muka yi: rabi ya shiga ƙasarku, rabin rabi yana tukunyarka, sauran ga shi a baho, har da baho na biyu da maƙwabciyata mai dariya ta kawo da kanta. Kududdufi ya sake taɓa durumi makon jiya. Na kalle shi na ce, ba da ni ba.

Ka ce in na koma in rubuto maka abin da nake faɗa ranar da na yafa tafin farko, don ka ga bakina yana motsi ba ka ji ba. Shekara talatin muna magana a takarda, na zo gabanka kuma sai takarda. To ga shi. Na fara da bisimilla, na kira sunan Kaka, da Baba, da Inna, da uwarka, na gaya musu ga ta na dawo da ita. Daga nan na juyo na ce maka ka sa a gyara rufin ɗakin Inna, don in ta fara nuna zan zo korar tsuntsu, kuma ban ce ga ranar komawa ba. Kai kuwa ka gyaɗa kai ka ce, "E, akuyar ta haihu."

Bana ba ni da labarin ruwa da zan aiko. Kai za ka aiko mini. Kullum ina tuna ɗan filin nan da bai fi tabarma huɗu ba, a bushe, yana jira. Ranar da ruwa ya shigo Bakin Tsamiya, ka tsoma hannu a ciki ka dafa takardar kafin ka naɗe, ko da rubutun zai ɓaci. Gani ya kori ji.

Gumsu

Kajimari
Watan Agusta

Gumsu,

Ya iso. Ya shigo da hantsi, a hankali, ya kwanta a gindin jar Kaka, ta ɗaga kai. Ga hannuna nan a ƙasa, duk yatsu biyar, in tawada ta gudu ke kika ce.

An gama rufin ɗakin Inna. Ki taho da gidan sauro biyu.

Bawanki,
Gana